Kyauta Ko Bashi? Batun Bikin Ranar Haihuwar Yara a Makaranta

Nassi: Luka 14:12-14

A Idu ta Abuja da unguwannin da ke maƙwabtaka da ita, irin su Karmo da Gwagwa da Life Camp, akwai wata 'yar takarda da iyaye da yawa suka fi fargabar gani a jakar yaro fiye da sakamakon jarrabawa. Ita ce katin da ke sanar da cewa wane ko wance za ta cika shekara ranar Juma'a, za a yanka kek a aji, ana kuma gayyatar kowa. Katin bai ambaci kuɗi ba, amma duk uwar da ta karanta shi ta san akwai tambayar da ke biye da shi: me za a saya, na nawa kuma? Tambayar tana da kamar ƙarama, har wani zai ce ba ta cancanci shafi a mujallar ikkilisiya ba. Amma ta sa mata da miji sun kwana ba sa magana, ta sa an taɓa kuɗin cefane, ta kuma sa yaro ɗan shekara bakwai ya yi ƙaryar ciwon ciki don kada ya shiga aji hannu wofi. Abin da ya kai nan ya zama batun bangaskiya.

Idu wuri ne da ya haɗa mutanen da aljihunsu bai yi kusa da juna ba. Akwai Gbagyi 'yan asalin ƙasar, waɗanda suke nan tun kafin dokar 1976 da ta kafa Babban Birnin Tarayya. Akwai unguwar masana'antu da ma'aikatanta, masu gadi, direbobi, masu ɗaukar kaya. Akwai Cibiyar Binciken Magunguna ta Ƙasa da masananta. Tun da aka buɗe layin dogo daga Idu zuwa Rigasa ta Kaduna a Yulin 2016, wurin ya ƙara cika, sababbin rukunin gidaje masu katanga da ƙofar ƙarfe suka tashi dab da unguwannin masu ɗaki ɗaya. 'Ya'yan waɗannan gidaje duka sukan haɗu a aji guda, musamman a ƙananan makarantun kuɗi da makarantun da ikkilisiyoyi suka kafa, inda mai gadi yakan ƙuntata wa kansa don ɗansa ya zauna a benci ɗaya da ɗan manaja. Wannan haɗuwa alheri ce. Ranar bikin haihuwa ce kaɗai takan tona abin da rigar makaranta ta rufe.

Sai a yi lissafi, tun da lissafi ba ya jin kunyar kowa. A ɗauki misalin aji mai yara talatin. Ko an cire waɗanda ranarsu ta faɗa cikin hutu da waɗanda iyayensu ba sa yin biki, a ce ashirin sun rage. Idan aka sayi kyautar naira 5,000 ga kowane, an kashe naira 100,000 a shekara a kan yaro ɗaya. Gida mai yara uku a firamare ya kashe 300,000 ke nan. Mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a Yulin 2024 naira 70,000 ne a wata, wato albashin wata huɗu cur bai biya wannan ba. Kuma ba a sa kuɗin bikin yaran gidan kansu ba, da kek, da lemo, da ƙullin alewa da biskit da kayan wasa da ake raba wa 'yan aji, wanda mutanen Abuja suke kira fati-fak. Duk wannan yana faruwa ne bayan cire tallafin mai a Mayun 2023, da tsadar da ta biyo baya, wadda Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta auna hauhawarta da kashi 34.8 cikin ɗari a Disambar 2024.

Daga ina al'adar ta zo?

Yawancin kakannin yaran nan ba su san ranar da aka haife su ba. Akan ce an haifi wane shekarar fari, ko da kakar gero, ko shekarar da aka naɗa sarki kaza. Bikin da aka sani shi ne na suna, sau ɗaya a rayuwa. Bikin yara na kowace shekara da kek da kyandir daga Turai ya fito, an fi danganta asalinsa da Jamus, karin waƙar da ake rerawa kuwa wasu 'yan'uwa mata biyu ne, Mildred da Patty Hill, suka wallafa shi a Amurka a 1893 domin yaran makarantar reno. Baƙuntar al'ada ba laifi ba ce. Agogo ma baƙo ne, ga shi a bangon kowace majami'a. Sai dai baƙon ya iso ya tarar da wata tsohuwar al'ada a gida, suka ƙulla aure.

Tsohuwar al'adar ita ce biki, irin wanda matan ƙasar Hausa suka daɗe suna yi a Zazzau da Kano da Katsina. Mace takan kai wa ƙawarta gudummawa ranar aure ko suna, in nata ya zo a mayar mata da ninki. Wannan tsari yana da hikimarsa. Matan da kansu suke zaɓen abokan bikinsu, galibi waɗanda ƙarfinsu ya zo ɗaya. Abin yana zama kamar ajiya domin ranar babbar hidima. In kuma ninkin ya yi nauyi, sukan sasanta su koma ƙaramin adadi, ba wadda ta ji kunya. Bikin aji ya ɗauki ramuwar ya bar hikimar. Ba wanda ya zaɓi iyayen 'yan ajin ɗansa, ƙarfi bai zo ɗaya ba, ba kuma zaman da ake yi a ce abin ya isa haka. Uwa takan riƙe a ranta cewa gidan wane sun kawo wa 'yarta 'yar tsana ta naira 8,000, saboda haka ba ta isa ta aika da ta 3,000 ba. Da zarar an fara riƙe irin wannan lissafi, abin da ke cikin takardar ado ya tashi daga kyauta ya koma bashi, ko da an ɗaure shi da kirtani mai sheƙi.

Bukukuwa biyu a cikin Littafi Mai Tsarki

Sau biyu Littafi Mai Tsarki ya ba da labarin bikin ranar haihuwa a fili, duka biyun na sarakuna ne. Na fari na Fir'auna ne a Farawa 40, inda aka mayar da shugaban masu shayarwa bakin aikinsa, aka rataye shugaban masu tuya. Na biyu na Hirudus ne a Markus 6 da Matiyu 14. Wannan ya sa Orijen, malamin ikkilisiya na Iskandariya a ƙarni na uku, ya koyar cewa masu zunubi ne kaɗai aka gani suna murnar ranar haihuwarsu. Malamin ya yi tsanani. Zabura ta 127 ta ɗauki 'ya'ya a matsayin baiwa daga Ubangiji, ta 90 kuma roƙo ce a koya wa mutum lissafin kwanakinsa. Iyalin da suka tsaya rana ɗaya a shekara suka gode wa Allah domin ran yaro, a ƙasar da zazzaɓin cizon sauro yake ɗauke ƙananan yara da yawa kowace damina, ba su yi abin zargi ba.

Duk da haka labarin Hirudus ya cancanci a tsaya a kansa, domin ya nuna yadda biki yake lalacewa. Markus ya lissafta waɗanda aka gayyata: manyan fada, shugabannin soja, da masu faɗa a ji na Galili. Yarinya ta yi rawa, sarki ya ji daɗi, ya yi rantsuwa a gaban jama'a cewa zai ba ta duk abin da ta roƙa, har rabin mulkinsa. Da ta roƙi kan Yahaya Maibaftisma, Markus ya ce sarki ya yi baƙin ciki ƙwarai, amma rantsuwarsa da idon baƙinsa suka hana shi janyewa. Ga mutumin da ya ba da kyautar da zuciyarsa ba ta so, wadda ya san ba daidai ba ce, don kawai kada a ga gazawarsa. Akwai kuma abu na biyu. Yarinyar ba ta san abin da za ta roƙa ba, sai da ta fita ta tambayi uwarta. Buƙatar Hirudiya ce aka ɗora a bakin 'yarta, tiren kuma da ya iso hannun yarinyar, wurin uwar ya ƙare.

Ba wanda zai kwatanta ajin firamare da fadar Hirudus. Amma waɗannan abubuwa biyu, bayarwa domin idon mutane da kuma aiken yaro ya ɗauki gasar manya, ana samunsu a ƙananan bukukuwa kamar yadda ake samu a manya. Yaro ɗan shekara biyar bai san farashin mota mai batir ba. Sau da yawa yakan yar da motar ya yi wasa da kwalinta. Iyaye ne suke duba farashi, su ne suke ɗaukar hoto su watsa a WhatsApp, su ne kuma suke jin an raina su.

Abin da Ubangiji ya faɗa wa mai gida

A Luka 14 an gayyaci Yesu cin abinci ran Asabar a gidan wani babba cikin Farisiyawa. Ya lura da yadda baƙi suke rububin wuraren zama masu daraja, ya yi musu magana, sa'an nan ya juya ga mai gidan da kansa. Ya gargaɗe shi game da gayyatar abokai da dangi da maƙwabta masu dukiya, bisa dalili guda: za su rama gayyatar, ladansa kuma ya ƙare a nan. Ya ce a kira matalauta da naƙasassu da guragu da makafi, waɗanda ba su da abin ramawa, sakamakon kuwa yana jira a tashin masu adalci. Ubangiji bai haramta cin abinci da dangi ba, shi kansa ya halarci bikin aure a Kana, ya ci abinci a gidan Marta da Maryamu. Abin da ya sa wa yatsa shi ne alherin da aka mayar ciniki, wanda yake zagayawa tsakanin masu iya biyan juna, yana tsallake wanda ba shi da komai.

In aka auna al'adar aji da wannan ma'auni, sai wani abin kunya ya fito fili. Iyaye da yawa sukan sayi kyauta mafi tsada ga ɗan gidan da ya fi kuɗi, wai don kada a raina su, su sayi mafi araha ga ɗan mai ɗinki ko ɗan mai gadi, wai ai ba zai damu ba. Wanda ɗakinsa ya cika da kayan wasa aka ƙara masa, wanda fensir mai launi zai sa ya kasa barci don murna aka ba shi biskit ɗaya. Yakubu a sura ta biyu ta wasiƙarsa ya yi magana a kan mai zoben zinariya da aka ba kujera da matalaucin da aka ce ya tsaya, ya kira wannan tara, ya kuma ce zunubi ne. Yaro yana kallon duk wannan. Yana tare da uwarsa a kasuwar Karmo sa'ad da take cewa wannan ya yi wa wane kaɗan, wancan ya ishi wance. Kafin ya iya haddace aya ɗaya a makarantar Lahadi, ya riga ya koyi cewa mutane suna da farashi.

To, nawa ne ya isa?

Littafi Mai Tsarki bai yanka adadi ba, amma ya nuna halin Allah game da ma'auni, a kan batun haihuwa ma kuwa. A Littafin Firistoci sura 12, macen da ta haihu za ta kawo ɗan rago bana ɗaya da tsuntsu guda domin tsarkakewarta. In ƙarfinta bai kai rago ba, sai ta kawo kurciyoyi biyu ko 'yan tattabarai biyu, firist kuwa ya karɓa, ta tsarkaka daidai da mai rago. Luka 2:24 ya nuna cewa hadayar tsuntsaye ce Yusufu da Maryamu suka kai Haikali. Iyayen Mai Ceto sun shiga layin masu ƙaramin ƙarfi, ba su ci bashin rago don idon mutanen Urushalima ba. In Allah da kansa ya karɓi tattabarai a Haikalinsa, da wuya a ga dalilin da zai sa mai bi ya ji kunyar aika littafin zane da fensir zuwa aji uku. Manzo Bulus ma da yake tara gudummawa domin tsarkakan Urushalima, ya shaida wa Korantiyawa cewa ana karɓar baiko gwargwadon abin da mutum yake da shi, bai kuma so a sauƙaƙa wa waɗansu ta wurin jefa waɗansu cikin ƙunci ba (2 Korantiyawa 8:12-13).

Daga nan iyali za su iya fitar da ƙa'idarsu. Abu mafi amfani shi ne miji da mata su zauna tun farkon zangon karatu su yanke adadi ɗaya, bayan an ware abinci da haya da kuɗin makaranta da magani da baiko, wannan adadin kuma ya zama na kowane yaro a ajin, ɗan manaja da ɗan mai gadi. Ga mai neman abin kamawa, kashi ɗaya cikin ɗari na abin da ke shigowa gida a wata ma'auni ne mai sauƙi: naira 700 ga mai albashin 70,000, naira 3,000 ga mai 300,000. Wannan shawara ce, ba doka ba, mai yara huɗu yana iya ragewa. Abin da bai kamata a sassauta ba shi ne bashi. Ba a cin bashi, ba a taɓa kuɗin adashi ko na makaranta, domin kyautar ranar haihuwa. Karin Magana 22:7 ta kwatanta mai cin bashi da bawa, Bulus kuma ya yi kakkausar magana a 1 Timoti 5:8 a kan wanda ya bar iyalinsa ba kulawa. Uwar da ta rage naman miyar 'ya'yanta don ta burge wata uwa da ba ta ma san sunanta ba, ta sa abu a inda ba wurinsa ba.

Ba kuma dole ne a kai kyauta ga kowane biki ba. Aminin yaro na ƙut da ƙut daban, wanda sai dai a gaisa daban. Yana da kyau yaron ya sa hannunsa a ciki: ya zana kati, ya zaɓi abin da ya san abokinsa yana so, ya ƙara ɗan abin da ya tara a asusunsa. Gyaɗa da aya da aka soya a gida, ko cincin da uwa ta yi, kyauta ce cikakkiya. In kuwa watan ya zo da wuya har ba a iya komai, a gaya wa yaro gaskiya a hankali, a bar shi ya tafi da katinsa da gaisuwarsa, kada a koya masa ƙaryar ciwo ko ta mantuwa. Zumunta a ƙafa take, in ji masu iya magana, ba su ce a leda ba.

Kalma ga masu hali

Nauyin gyaran ya fi karkata ga waɗanda Allah ya buɗa wa. Talaka ba shi ne yake ɗaga ma'auni ba, binsa kawai yake yi yana haki. Mai hali yakan ce kuɗinsa ne, ɗansa ne, bai tilasta wa kowa ba. Gaskiya ne bai tilasta da baki ba. Amma ranar da ya aiko da kek mai hawa uku da mai ɗaukar hoto da jakar kyauta ga kowane yaro, ya riga ya rubuta wa iyaye ashirin da tara takardar bashi, yaron da bikinsa ke biye kuwa zai koma gida yana tambayar uwarsa me ya sa nasa ba haka ba. Irin wannan ne ya faru a Koranti, inda masu abinci suke ci su ƙoshi a taron ikkilisiya, marasa shi suna kallo. Bulus bai ce abincin na sata ba ne. Ya tuhume su da kunyatar da waɗanda ba su da komai, ya tuna musu cewa suna da gidajen da za su ci su sha a ciki (1 Korantiyawa 11:22). Wanda yake so ya yi wa ɗansa babban biki, gidansa yana nan. Aji na kowa ne.

Masu makarantu, musamman makarantun da ke ƙarƙashin ikkilisiya, suna da ikon da iyaye ɗaiɗai ba su da shi. Uwa ɗaya ba za ta iya tsayar da gasar ba tare da ɗanta ya sha kunya ba, amma shugabar makaranta tana iya yi da takarda ɗaya: a haɗa dukan waɗanda aka haifa a wata guda a yi musu addu'a da waƙa rana ɗaya, a hana buɗe kyauta a gaban aji, a yanka iyakar abin da za a kawo. Ikkilisiyoyi da yawa sun riga sun saba kiran waɗanda aka haifa a watan su fito gaba a sa musu albarka, ba a tambayar kowa abin da ya riƙo. Taron iyaye da malamai wuri ne da ya dace a kawo wannan magana, zai kuma fi kyau ta fito daga bakin mai hali, domin in talaka ya faɗa za a ce rashi ne ya sa shi. Zumuntar Mata ma tana da bakin magana a nan, tun da yawancin wannan lissafi a zukatan mata ake riƙe shi.

Saura yaron da ba a taɓa aiko da kati domin shi ba. Kusan kowane aji yana da irinsa: maraya da ke hannun kaka, ko ɗan iyalin da rikici ya koro daga Borno ko kudancin Kaduna ko Filato suka sami mafaka a gefen Abuja. Shekara ta zagayo ya rera wa yara ashirin waƙa, ya tafa musu, ya ci kek ɗinsu, tasa ranar kuwa ta zo ta wuce kamar kowace Talata. Shi ne mutumin da Luka 14 take nufi, wanda ba zai iya ramawa ba. Kuɗin kyauta ɗaya da aka rage daga gidan da ba a bukatarta ya isa ya saya masa takalmin makaranta ko jaka, a ba malama ta miƙa masa ba tare da an faɗi daga inda ya fito ba. Ranar haihuwarsa tana rubuce a rajistar aji, malamar kuwa da wuya ta ƙi taimaka wa uwar da ta same ta a keɓe da wannan niyya.